Bilenda, Injin Kwaɓi da Gyaran Kicin: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Katsina

Sana'ata toye-toyen biki ce: cincin, dubulan, alkaki, kek, duk abin da ake cika daro da shi a kai wa amarya gara. A cikin birnin Katsina nake, kuma na gyara kicin ɗina sau biyu, na farko da rawar kai, na biyu da hankali. Shi ya sa ko gidan suna na je, kafin a kawo tuwo wata ta matso ta ce, "Hajiya, don Allah wace bilenda zan saya?" Na tattara tambayoyin da suka fi dawowa, ga su nan da amsoshinsu yadda na saba bayarwa baki da baki.

Wace bilenda ce ta fi kyau?

Sai na san abin da ake ci a gidanki tukuna. Mai markaɗa tumatir da tattasai sau ɗaya a rana, da mai yin kunun aya kullum in azumi ya kama, buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Iri uku ne suka shafe mu. Akwai ta gama-gari, mai dogon kofi ɗaya da ɗan ƙaramin kofin niƙa busassun kaya, ƙarfinta daga wat 300 zuwa 600. Ita ce ta kayan miya da kankana da gwanda. Akwai samfurin Indiya, gajeriya mai kofunan ƙarfe uku, yawanci wat 500 zuwa 1,000. Indiyawa don abincinsu suka ƙera ta, kuma abincinsu ya fi kama da namu a kan na Turawa: suna jiƙa shinkafa da wake su markaɗa, su bar ƙullun ya kwana ya tashi, kamar dai wainarmu da sinasir, sannan suna niƙa busasshen yaji. A ganina ita ta fi dacewa da gidan Bahaushe. Ta uku ita ce babbar nan mai ƙara kamar jirgi zai tashi, mai kofin lita 2, wadda masu shagon fura da yogot ke aiki da ita. Tana fasa ƙanƙara, tana cinye aya, amma ta fi cin kuɗi da wuta.

Sunaye kuwa, su Kenwood, Philips, Panasonic, Moulinex, Binatone, duk ana samu. Sai dai duk sunan da ya yi fice akwai jabunsa a kasuwa, don haka ki ɗaga ta ki ji nauyi. Inji mai isasshiyar wayar tagulla a ciki ba ya yin sakayau a hannu.

Na ga an rubuta wat 4,500 a kwalin wata, kuma tana da araha. In saya?

Mu yi lissafi, 'yar uwa. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Soket ɗin bango mai ƙafa uku, da fis ɗin da ke cikin kan filogi, amfiya 13 suke ɗauka. In kika ninka 230 sau 13, za ki samu 2,990. Ma'ana duk abin da za a soka a wannan soket ba zai wuce wat dubu uku ba sai fis ya ƙone. To ina bilenda mai siririyar waya ta samo 4,500, har wasu su rubuta 8,000? Ado ne na kwali. Ba na cewa duk mai irin wannan rubutu ba ta aiki, wasu suna markaɗe lafiya lau. Amma kada lambar ta sa ki ƙara ko sisi. Ki juya gindinta ki karanta ƙaramin rubutun da ke liƙe, ki sa a gwada miki a shago da jiƙaƙƙen wake ko aya, ba da ruwa zalla ba. Ruwa kowace bilenda gwanarsa ce.

Za ta raba ni da aika yara wurin mai injin markaɗe?

A wasu abubuwa za ta raba ki, a wasu ba za ta raba ki ba. Waken ƙosai kofi biyu ko uku na karin safe, alale na gida, gyaɗar kunu, shinkafar waina ta mutum biyar, duk samfurin Indiya tana yi. Amfanin a nan ba saurin kaɗai ba ne. Kin san yadda ƙullu ke dawowa daga inji da ɗanɗanon markaɗen wadda ta riga ki, ko mai inji ya tuttula masa ruwa ya tsinke, ƙosai ya ƙi tashi ya sha mai. A gida ke kike da iko da ruwanki.

Amma tiya biyu ta waken suya don awarar sayarwa, ko geron gasara na kokon azumi, ko dawar tuwo, wannan aikin injin unguwa ne. In kika matsa wa bilenda sai ki yi zubi goma sha, ta yi zafi, ke ma ki yi zafi. Kuma ba ta surfe. Turmi yana nan daram.

Sirrin ƙosai a bilenda: ki jiƙa waken ya yi laushi sosai, ki fara zuba ruwa kaɗan da albasa da attaruhu a ƙasa, wake a sama, kada ki wuce rabin kofi. Albasa tana sakin ruwanta, sai wuƙar ta samu abin juyawa ba tare da kin tsinka ƙullun ba.

Fura fa? Wasu sun ce bilenda tana ɓata ta.

Mu da muke ce mata hura, wannan magana tana iya raba zumunci. Tsofaffinmu suna da gaskiya a abu ɗaya: damun ludayi a ƙwarya yana barin ɗan gaya-gaya da ake taunawa, bilenda kuwa tana mai da ita sumul kamar kunu. Sannan in kika zuba kindirmo mai kauri kika bar wuƙa tana dukansa, tsinkewa yake ya zama tsala. Abin da nake yi, sai in marmasa furar in sa mata ruwan sanyi kaɗan, in kunna in kashe sau uku ko huɗu, in juye a ƙwarya, sannan in zuba kindirmon in ƙarasa da ludayi. Surukata daga Daura take, kuma har yau ba ta gane ba. Ko ta gane ta yi mini kara.

Kofin gilashi, na roba ko na ƙarfe?

In da yara ko 'yar aiki mai sauri, na ƙarfe. Gilashi ba ya riƙe wari kuma manja ba ya rina shi, amma faɗuwa ɗaya ce, kuma samun madadinsa wahala. Roba tana da sauƙin ɗauka, sai dai busasshiyar citta da kanumfari da masoro suna kankare cikinta ta dushe. Busassun kaya a ƙaramin kofi ake niƙa su, bayan an ɗan farfasa cittar a turmi.

Wutarmu ba ta zama. Za ta yi aiki da janareto ko sola?

Tun da aka raba layukan wuta rukuni-rukuni, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, kowa ya san matsayin unguwarsa, kuma kamfanin KEDCO da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa da wannan tsarin yake aiki. In layinku na ƙasa-ƙasa ne, to ki saya da tunanin janareto ko sola tun farko.

Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne. Zai ja bilenda mai wat 350 ko 400 in an kashe sauran kaya, amma mai 750 za ta sa shi tari ya mutu. Sola kuwa labari ne mai daɗi. Bilenda tana jan wuta da ƙarfi amma na ɗan lokaci: mai wat 600 in ta yi minti 3, abin da ta sha bai kai na fankar silin a awa ɗaya ba. Don haka batir ba ya jin jiki. Inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida, ita ce abin dubawa, domin a daidai lokacin tashi inji yana fizgar fiye da abin da aka rubuta masa. Mai 1.5kVA zuwa sama tana ɗauka cikin kwanciyar hankali, in dai ba a haɗa da dutsen guga ko hita ba.

Abin da ya fi kashe bilenda shi ne wutar da ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi. Inji yana gurnani, wuƙa ba ta juyawa sosai, waya tana ɗaukar zafi a ciki. In kika ji muryarta ta canza, ki kashe ki haƙura. Ƙananan nan da ake caji kamar waya kuwa, na ayaba da madara ne, kada ki ba su tattasai.

Yayata ta aiko mini da injin kwaɓi daga Amurka. In soka kawai?

A'a! Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta kusa ninka ta. Kina sokawa za ki ji "fat" da ƙauri, shi ke nan. Canza kan filogi ba ya maganin komai. Sai an samo taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Kayan Ingila da na Dubai wutarsu ɗaya da tamu, har filogin iri ɗaya ne. Tsarabar Makka ma yawanci tana yi, amma ki duba ki ga an rubuta 220–240V kafin ki soka.

Tawa tana wari kamar ƙonewar roba, wani lokaci ta tsaya cak. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. Samfurin Indiya tana da ɗan jan maɓalli a gindinta wanda ke katse wuta in kaya sun yi mata yawa. Ki zare filogi, ki rage kayan, ki bar ta ta huce kamar minti goma, ki danna shi. Mata da yawa sun ba almajiri bilenda mai rai saboda rashin sanin wannan maɓalli.

In inji yana kuka amma wuƙa ba ta motsi, haƙorin robar da ke haɗa kofi da inji ne ya cinye, kuma canza shi ba tsada. In tana tartsatsi a ciki, kabon ne ya ƙare, masu gyaran fanka da dutsen guga suna canzawa. In ruwa na ɗiga ta ƙasan kofi, zoben roba ne, ki gyara da wuri kafin ruwan ya gangara cikin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin inji. Ƙonewar kwayil ce kaɗai mutuwa ta gaskiya, ita ma akan sake naɗi, ko da yake ba ta cika komawa kamar da ba.

Ƙa'idar da nake bi: minti ɗaya tana aiki, ta ɗan huta. Kuma kada ki zuba tafasasshen abu ki rufe. Tururi yana cilla murfi sama, na ga wadda dafaffen tumatir ya wanke wa fuska.

Ina so in fara kek da cincin na sayarwa. Injin kwaɓi na hannu ko mai kwano?

Na hannu, mai sanduna biyu da ake riƙewa, shi ne na farawa. Yana buga bota da sukari su yi fari, yana buga ƙwai, kuma ga wani aiki da ba a rubuta a kwalinsa ba: buga ƙullun ƙosai. Abin da hannu ke yi a minti goma sha biyar har kafaɗa ta ƙage, yana yi a minti uku, ƙosai ya tashi fafur. Ƙullun fanke ma yana yi.

Inda ba ya iyawa shi ne kwaɓi mai tauri. Kwaɓin cincin, na dubulan, na burodi, in kika tilasta masa za ki ji ƙauri. Ko da an haɗo masa sanduna masu lanƙwasa na kwaɓin fulawa, na ɗan kaɗan ne.

Mai kwano, wanda mata ke kira miksa, yana zaune da gindinsa, kwanonsa lita 4 zuwa 7, da kawuna uku: mai kamar ƙugiya na kwaɓin burodi, mai faɗi na kek, mai wayoyi na ƙwai. A nan wat ba shi ne abin kallo ba, giyar ciki ce, wato haƙoran da ke juya sandar. Mai giyar ƙarfe da wat 300 yana iya binne mai giyar roba da aka rubuta wa 1,500. Ki duba sandar tana zagaya kwanon tana kuma juya kanta, kada ta tsaya a tsakiya ta bar fulawa a gefe. Kuma ki sani kwanon lita 5 bai wuce ya ɗauki kwaɓin fulawa kilo ɗaya ba in da tauri. Mai karɓar aikin cincin na rabin buhu, ko dai ta nemi na gidan burodi mai lita 20, ko ta ci gaba da tara 'yan mata a kan tabarma da daro. Ni kaina kwaɓin alkaki har gobe da hannu nake yi, domin hannu ne ke gaya mini in tsakin alkamar ya sha ruwa daidai.

Shawarata, kada ki sayi babba sai oda ta fara fin ƙarfin ƙaramin. Ciniki ya sayi inji, ba bashi ba.

Na gwanjo, wato wanda aka taɓa amfani da shi, yana da kyau?

Injin kwaɓi na gwanjo daga Turai, in tsohon ƙira ne mai jikin ƙarfe, sau da yawa ya fi sabon mai araha ƙarko. Kenwood Chef tun 1950 ake yin sa, kuma akwai tsofaffinsa da ke aiki har yanzu. Ki tabbata kawunansa sun cika, a kunna a gabanki a kowane gudu. Bilenda kuwa na fi son sabuwa, don kofi da zoben roba su ke fara gajiya.

'Yata za ta yi aure. Me zan sa mata a kayan kicin?

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin. In za ku ji tawa, ku sayi bilenda ɗaya mai kyau da injin kwaɓi na hannu, ku tsaya nan. Na sha zuwa jere in ga na'urar gasa burodi, ta matse lemo, ta yin kofi, ta soya dankali da iska, an jera su reras don 'yan ganin ɗaki. Bayan shekara ka koma ka tarar da su cikin leda a saman kabad, ƙura ta rufe. Kuɗin ukun cikinsu ya isa ƙarin tukunyar gas, wadda ranar da ta farko ta ƙare ana tsakiyar girki amarya za ta yi muku addu'a. Kuma ku fara aikawa a auno kicin ɗin gidan da za ta zauna.

Muna gini. Maigida yana son kicin buɗaɗɗe haɗe da falo irin na hotuna. Ya kika gani?

Ki tambaye shi ranar da abokansa suka cika falo, ke kuma kina tuƙa tuwo da ɗaurin ƙirji, ina za ki shiga? Wannan tsari na mutanen da girkinsu ba ya hayaƙi ne, kuma baƙonsu yana shiga har gaban murhu. Mu muna soya manja, muna sa daddawa, muna toya kifi. Cikin wata guda labule da kujeru sun ɗauki warin miya.

Abin da ya dace da mu kicin biyu ne, ko da na biyun rumfar kwano ce a tsakar gida. Na ciki na gas da girkin yau da kullum, da ƙofa mai rufuwa da wata ƙofar ta baya. Na waje na itace da gawayi da babbar tukunya: tuwon suna, suyar naman layya, babbakar kai da ƙafa, toye-toyen biki. In yana son a riƙa miƙo abinci ba zagaye, a huda 'yar taga mai murfi tsakanin kicin da wurin cin abinci. Kowa ya samu nasa.

Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara gyara?

Da abin da ba a gani. Kuskurena na farko ke nan: na fara da tayil da kabad masu sheƙi, bayan wata shida bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fara yoyo, sai da aka fasa rabin aikin. Bi da bi, ga yadda ya kamata: hanyar fitar ruwa, hanyar shigowarsa, wayarin, taga da mafitar hayaƙi, sannan daɓe da tayil, kabad a ƙarshe. Kabad yana iya jira shekara, kwanuka ba sa fushi don an kife su a kwando.

A kan ruwa, ki yi gini da gaskiyar unguwarku. Ruwan famfon birni daga madatsar Ajiwa yake zuwa, amma gidaje da yawa da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. In naku haka ne, ki bar gurbin duro ko jarkoki kusa da wurin wanke-wanke tun a zane, kada su zo su tare hanya. Bututun fitar ruwa ya zama mai inci 2, a ba shi gangara sosai, a sa masa lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa a ƙasa, ita ke hana wari da kyankyasai hawowa daga kwata.

Kabad na katako, na alminiyom, ko a gina da siminti?

Gara iri biyu ce a ƙasar Hausa, wadda ake kai wa amarya da wadda ke cinye mata kabad. Ta biyun ba ta da kunya, ta ƙarƙashin daɓe take fitowa, kafin ki farga bayan kabad ya zama ƙasa.

Allon MDF da kafintoci suka fi yin aiki da shi yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, amma garin katako ne aka matse da gam. Ruwa na taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Katakon gaske kuma in bai bushe ba aka yi aiki da shi, hunturu na zuwa sai ya tsage, ƙofofi su karkace. Alminiyom gara ba ta cinsa, ruwa ba ya kumbura shi, sai dai yana lotsawa kuma yana da ƙara.

Ni abin da na yi a gyara na biyu, na sa magini ya gina gindin da bulo da siminti, aka liƙa tayil ciki da waje, aka sa ƙofofin alminiyom. Na sama kaɗai aka yi da allo, tunda can ruwa ba ya kaiwa. In dole sai katako a ƙasa, a ɗora shi kan dakalin siminti mai tsayin santimita 10, a yi wa ƙasan feshin maganin gara kafin a daɓe, a kuma toshe duk wata kafa tsakaninsa da bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kyankyaso ma haka. Masu sayen kaya da yawa sukan gangara Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, amma ki haɗa da kuɗin mota da fashewar hanya kafin ki ce ya fi araha.

Me zan shimfiɗa a saman kanta, kuma wane tsayi?

Dutsen giranait, in da hali. Yana jure zafin tukunya da kaifin wuƙa, kuma yana da sanyi, abin da mai murza cincin ke so. Mabul ya fi shi kyau a ido amma tsami yana cinsa: lemon tsami, tsamiya, ruwan tumatir, zoɓo, duk suna bar masa tabo. Tayil shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, a zaɓi manya masu 60 da 60 don layin haɗi ya ragu, tunda a nan datti ke maƙalewa.

Tsayin da aka saba santimita 85 zuwa 90 ne, faɗi 60. Amma kada magini ya auna da jikinsa. Ki tsaya ki lanƙwasa hannu, a auna daga gwiwar hannunki a sauko santimita 10 zuwa 15, nan ne naki. Tsakanin kanta da kabad na sama a bar aƙalla 50, in ba haka ba doguwar bilenda ba za ta tsaya a wurin ba, kan injin kwaɓi ma ba zai ɗagu ba.

Ga abin da ba za ki gani a hoton waje ba. Ba a tuƙa tuwon mutum goma a kan murhu mai tsayin 90. Tukunya ta kai ƙirji, muciya ta kai kunne, ƙarfin kafaɗa ya tafi a banza. Ki sa a yi miki ɗan dakali gajere, kamar santimita 30 zuwa 40, a ɗora murhun gas mai kai ɗaya, ki jawo kujera 'yar tsugunno. Masu zanen kicin na Amurka tun shekarun 1940 suke koyar da cewa murhu da wurin wanki da firji su zama kamar duwatsun murhu uku, kusa da juna ba tare da wani abu ya gitta ba. Shawara ce mai kyau, sai dai ba su san muciya ba.

Ina ya kamata taga ta kalla, kuma ina zan ajiye tukunyar gas?

A nan hadarin damina daga gabas yake tasowa, feshin ruwa ta nan yake shiga. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take. Ranar yamma kuwa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana mai da kicin gidan burodi. In fili ya ba da dama, babbar taga ta kalli kudu, a yi wata ƙarama a sama a wani bangon don iska ta ratsa. A sa raga saboda ƙuda. Fankar zuƙe hayaƙi tana da amfani in bututunta ya fita waje, amma ranar da ba wuta taga ce gatanki.

Gas ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Saboda haka rufe tukunya cikin kabad marar huda ganganci ne. Mafi kyau a gina mata ɗan keji a waje cikin inuwa, a tsaye, a huda bango a shigo da bututu. In dole a ciki, ƙofar wurin ta zama mai huda a ƙasa. Duk sanda aka sauya tukunya ki shafa ruwan kumfa a mahaɗar, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. In kika shigo kika ji wari, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ki buɗe ƙofa da taga, ki rufe kan tukunyar. Gawayi kuma kada a shiga da shi ɗaki a rufe don jin ɗumi da hunturu, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci.

Soket nawa zan sa?

Ki ƙirga abin da kike da shi ki ƙara biyu. A saman kanta, santimita 15 zuwa 20 daga dutsen, nesa da famfo da murhu. Firji da nasa shi kaɗai, oben na lantarki da layinsa daban mai kaurin waya. Ki ce wa mai wayarin ya sa waya mai 2.5 ta tagulla zalla a soket, ya kuma haɗa wayar ƙasa da gaske, domin hannun mai girki kullum a jiƙe yake. In kuna da sola, a ware soket ɗaya na inbata a saman kanta, a yi masa alama, don bilenda.

Gidan haya nake. Me zan iya yi?

Kada ki gina wa mai gida. Teburin ƙarfe mai saman dutse, kantar ƙarfe mai hawa huɗu, ƙusoshin rataye ludayi da mataci, robobi masu murfi na hatsi. Ranar tashi ki kwashe abinki.

Wane tayil zan sa a ƙasa? Kuma a ina zan riƙa daka?

Marar santsi, mai ɗan kaushi. Mai sheƙi in ruwan kuɓewa ya zuba a kansa, sai Allah. Launi kuma kada ya zama fari fat, kada ya zama baƙi wuluk, dukansu suna tona asirin ƙurar hunturu. Ruwan ƙasa ko ruwan toka ya fi rufa asiri. A karkata daɓen kaɗan zuwa ga 'yar magudana a lungu, don ki iya kwara ruwa ki wanke.

Daka kuwa ba a yin ta a kan tayil. Ko da bai fashe ranar farko ba, duka yana sakin simintin da ke ƙarƙashi, ki fara jin yana ƙwas-ƙwas in an taka, daga nan sai tsaga. A tsakar gida, kusa da ƙofar baya, ki sa a bar miki wuri kamar taku biyu da biyu, daɓen siminti mai kauri ko ma ƙasa zalla, a inuwa. Nawa a gindin dalbejiya yake. A kicin kuwa har yanzu akwai tayil ɗaya mai tsaga a bakin ƙofa, inda ƙanwar maigida ta ajiye turmi ta kirɓa fura ranar da na je Daura gaisuwa, na dawo na tarar ta rufe wurin da tabarma.